Mai Rerawa Ma Mai Sharhi Ne

A makarantunmu, tun daga sakandare har jami'a, idan aka zo nazarin rubutacciyar waƙa akwai hanyar da aka saba bi, kuma duk wanda ya taɓa zama jarrabawar Hausa ya san ta: a kawo tarihin mawaƙi, a fito da jigo a warware shi, a ƙirga baitoci da ɗangwaye, a nuna amsa-amon ciki da na waje, sannan a tsinto kamance da siffantawa da karin magana a jera su a ƙarƙashin salo. Hanya ce mai amfani, kuma malaman da suka shimfiɗa ta, irin su Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero, sun ba ɗalibi wurin kamawa a fagen da yake da santsi. Sai dai ana iya bin ta tun daga farko har ƙarshe, a ci jarrabawa da sakamako mai kyau, ba tare da an taɓa jin waƙar da kunne ba. Wannan ya daɗe yana damuna, domin mafi yawan waɗanda suka tsara waƙoƙin nan ba su tsara su don a karanta a zuci ba. Sun yi su ne don a rera, a zaure ko a ƙofar masallaci ko a dandalin siyasa ko a gidan rediyo.

Abin da nake so in kare a nan shi ne, mutumin da ya buɗe baki ya rera waƙar da wani ya rubuta sharhi yake yi a kanta, ko da bai san sunan abin da yake yi ba. Sharhinsa ya bambanta da na mai alƙalami ta fuska guda: nan take ake yin sa, a gaban mutane, a wani wuri takamaimai, kuma idan aka sake rerawa gobe a wani wurin ba zai fito daidai da na yau ba.

Mu fara da abin da takarda take ɓoyewa. Karin rubutacciyar waƙar Hausa yana tsaye ne a kan nauyin gaɓa. Akwai gaɓa marar nauyi, wadda ta ƙunshi baƙi da gajeren wasali, akwai kuma mai nauyi, wadda ko dai wasalinta dogo ne ko kuma an rufe ta da baƙi. Jeruwar waɗannan biyun bisa tsari ita ce take ba da kamil da mutaƙarab da rajaz da sauran karuruwan da malamai suka aro daga arulin Larabci, wato ilimin ma'aunin waƙa, suka hora su har suka zauna daram a bakin Bahaushe. To, rubutun boko da muke buga littattafanmu da shi ba ya nuna dogon wasali, ba ya kuma nuna hawa da saukar murya. Ajami ya fi shi adalci a nan, tun da yana nuna tsawon wasali, amma shi ma bai san yadda zai rubuta rauji, wato muryar da ake rera waƙa da ita, ba. Ke nan tun kafin mai karatu ya kai ga ma'ana an riga an bar masa aiki: shi zai mayar wa kowace kalma tsawonta, shi zai zaɓi raujin da zai ɗora ta a kai, shi zai yanke shawarar inda zai ja numfashi, da ɗangon da zai maimaita, da wanda zai wuce da sauri kamar ba ya son a ji. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da mawaƙi ya bari a rubuce, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ba ya taɓa ma'ana.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda aka haifa a 1894, ya rasu a 1990. Malamin makaho ne tun yana ƙaramin yaro, saboda haka bai taɓa ganin baitocinsa a kan takarda ba. A ka ya tsara su, da baki ya fitar da su, wasu suka rubuta, daga baya aka buga su a Zariya suka shiga manhajar makarantu, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Waƙa ce doguwa mai kashi-kashi, kowane baiti ɗango biyar, wadda ta haɗa wa'azi da tunatarwa game da ruɗin duniya da mutuwa da kwanciyar kabari, da kuma yabon Annabi da begensa. Waɗanda suka auna ta da ma'aunin aruli sun ajiye ta a ƙarƙashin ramal, domin shi ne ya fi kusa da ita, amma manazartan da suka kasa kunne ga yadda ake rera ta sun nuna cewa daga kiɗan caji malamin ya ɗauko karinta, wato kiɗan duniya na masu rawa wanda ya yi tashe a zamaninsa.

Ka ɗauki wannan bayani ka koma kan baitocin. Wanda ya karanta zancen kabari da hisabi a zuci, a ɗaki shi kaɗai, zai zaci abu ne mai nauyi da ake ja a hankali, ana tsayawa ana ajiyar zuciya. Da ya ji ana rerawa sai ya tarar waƙar tafe take da hanzari, tana da taki irin wanda ƙafa take son bi. Ana iya fassara wannan ta hanya biyu. Ana iya cewa dabarar mai wa'azi ce, ya karɓe wa masu rawa kiɗansu don ya ja matasa zuwa ga abin da zai amfane su, kuma dabara ce da mawaƙan addini da na siyasa suka yi ta amfani da ita. Ana kuma iya cewa karin yana faɗin wani abu da kalmomin ba su faɗa ba, wato mai yin gargaɗin nan bai yanke ƙauna daga rahama ba, yana tsoratar da kai ne da muryar wanda yake sa ran za a tsira. Ni na fi karkata ga ta biyun. Amma ko wacce mutum ya ɗauka, hujjarsa ba ta cikin shafin littafi, a kunne take.

Duk wanda ya zauna a Zariya ko Kano ko Katsina ya san yadda waƙar nan take yawo a bakin makafi masu bara, kuma a wurinsu ne na fi ganin abin da nake kira sharhin nan take. Ka lura da su a layin shaguna bayan la'asar. Babban yana riƙe da ƙarshen sanda, yaron da ke yi masa jagora yana riƙe da ɗaya ƙarshen, da 'yar roba a ɗaya hannun. Babban ya ja ɗango huɗu shi kaɗai, yaron ya tare shi a na biyar da siririyar murya, sai amsa-amon ya faɗo da muryoyi biyu, tsohuwa da sabuwa. Idan mai babur ya danna hon ya cinye rabin ɗango, ba a wuce shi, sai an maimaita, kuma maimaicin yakan fito da ƙarfin da na farko bai samu ba. Idan wani ya miƙo sadaka, mai rerawa yakan saƙa addu'a a tsakiyar baiti, a kan karin nan dai, ya roƙa wa mai bayarwa gafarar iyaye da buɗin kasuwa, sannan ya koma daidai inda ya tsaya. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne zaɓin baitoci. Ba ya farawa daga farko ya bi a jere kamar ɗalibi. A ƙofar attajiri baitocin ƙarewar duniya ne suke zuwa bakinsa, kuma yakan sassauta murya a kansu don kada gargaɗi ya zama gori. A soron gida, inda ya san mata ne ke saurare daga ciki, sai ya karkata ga bege. Bai ga wurin da ido ba, amma ya karanta shi da kunne, ta ƙarar injin markaɗe ko shirun zaure ko hayaniyar 'yan kamasho a tasha, kuma wurin ne ya gaya masa abin da waƙar take nufi a wannan sa'ar.

Na san abin da za a ce, domin an sha faɗa mini shi: wannan ai neman abinci ne, ina ruwansa da nazarin adabi? Akwai gaskiya a ciki. Bara ta taƙaita waƙar, ta tsinci 'yan baitocin da ke motsa hannu zuwa aljihu ta bar sauran, har mutane da yawa suna zaton abin da suke ji a titi shi ne Imfiraji gaba ɗayanta, wasu ma suna raina ta saboda bakin da suka saba jin ta. Amma mai sharhi da alƙalami shi ma yana zaɓe. Yana ɗauko baitocin da suka dace da jigon da yake son tabbatarwa ya yi shiru a kan waɗanda suka saɓa masa, kuma shi ma yana da masu sauraron da yake son gamsarwa, ko da malaman da za su duba kundinsa ne. Bambancin shi ne nasa zaɓin yana zama a ɗakin karatu a riƙa ambatonsa shekara da shekaru, na makahon kuwa iska ta tafi da shi kafin magariba.

Kada a ɗauka wannan 'yanci ba shi da iyaka. Wasu masana harshe biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, Bruce Hayes da marigayi Russell Schuh, wanda ya shafe shekaru yana nazarin Hausa da danginta kafin rasuwarsa a 2016, sun fitar da wani bincike a 2019 a kan karin rajaz a waƙoƙin Hausa. Sun duba baitocin a rubuce, sannan suka auna muryoyin masu rerawa. Abin da suka gano ya yi daidai da abin da kunnen mai saurare ya daɗe da sani: tsarin nauyin gaɓoɓi a rubuce abu ne mai doka, amma masu rerawa ba sa ɗora shi a kan taki iri ɗaya, kowa da yadda yake raba gaɓoɓin a kan bugun da ya zaɓa. Ke nan doka biyu ce take aiki a lokaci guda, ta mai rubutu da ta mai murya, kuma gwanintar tana wurin haɗa su. Mai rerawa yana iya jan gaɓa mai nauyi yadda ya ga dama, musamman a ƙarshen ɗango, amma idan ya yi ta jan marasa nauyi yana guntule masu nauyi, kalmomin za su karye, tsofaffin da ke wurin kuma za su ɗaure fuska tun kafin su iya faɗin abin da ya ɓaci. Nan ne ake gane wanda ya iya da wanda yake da murya kawai.

Wurin da na fi ganin an kai wannan fasaha maƙura shi ne zaman Ishiriniya a watan Mauludi. Asalin littafin na Alfazazi ne, malamin Andalus da ya rasu a 1230, wanda ya tsara wa kowane harafin Larabci baiti ashirin na yabon Annabi. Daga baya Ibnu Mahib ya yi masa tahamisi, wato ya ƙara ɗango uku a gaban kowane baiti mai ɗango biyu ya mayar da shi biyar, kuma a wannan siffar ce littafin ya shahara a ƙasar Hausa. Tahamisi shi kansa sharhi ne da aka yi da waƙa: mutum ya shiga cikin baitin wani, ya bi karinsa, ya share masa fage da nasa kalmomin ta yadda idan ɗangon asali ya iso zai iso da wani haske. To, masu karatun Ishiriniya a birane irin su Kano sun ɗora hawa na uku a kan wannan gini. Baitocin ba sa canzawa, karinsu na aruli ɗaya ne daga farko har ƙarshe, amma muryoyin da ake karanta su da su suna da yawa, kuma jagoran zama yana sauya murya gwargwadon yadda ya ga dare ya yi da yadda ya ga jama'a. Da farkon dare ana tafiya a tsanake. Idan zama ya yi zafi sai a ɗauko murya mai sauri wadda kowa zai iya amsawa, idan kuma aka iso baitin da ke zancen Madina da nisan mai bege daga gare ta, sai a sauko, a ja, a maimaita har sai an ga wasu suna share ido da gefen rawani. Sau da yawa akwai mai fassarawa da Hausa, kuma shi ma ba karanta fassarar yake yi daga takarda ba, yana zuba ta ne a cikin muryar da aka ɗauko, yana ƙara kalma ko ya rage don ta zauna. Mutumin da bai san Larabci ba yana tashi daga wurin da fahimtar baitin, kuma rabin fahimtar daga muryar ya same ta. Haka abin yake a wurin masu bandiri na Ƙadiriyya, inda bugun fata yake ƙara sauri a hankali har ƙasidar da aka fara a zaune ta koma abin da ake yi da dukan jiki.

Idan aka fahimci haka, sai a ga girman abin da muka rasa daga waƙoƙin ƙarni na 19. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, kuma ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajoji, wato matan da ke jagorantar ƙungiyoyin, suke zuwa wurinta su haddace waƙoƙin su koma ƙauyuka su koya wa mata. An tattara rubuce-rubucenta an buga a 1997, aikin Jean Boyd da Beverly Mack, kuma aiki ne babba. Amma kalmomi ne aka tattara. Yadda wata jaji ta rera su a tsakar gida a wani ƙauyen Sakkwato, ga mata suna sussuka ko kaɗi, da inda ta tsaya ta yi bayani, da baitin da matan suka ce a sake, wannan karatu ne da aka yi wa waƙoƙin sau dubbai kuma babu shafin da ya kama shi.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, idan aka juya lamarin aka ɗauko waƙar baka aka kwantar da ita a takarda, asarar ta fi fitowa fili. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shahara da ƙirƙirar waƙa a take, kuma ko Bakandamiyarsa ba ya rera ta iri ɗaya a kowane wasa. Ɗalibin da aka ba shi waƙar Shata a rubuce yakan ga amshi yana ta dawowa bayan kowane ɗan waƙa, sai ya gaji ya riƙa tsallake shi, wasu masu rubutawa ma sukan sa kalmar amshi kawai su wuce. Alhali a fagen wasa amshin nan shi ne lokacin da jagora yake numfasawa, yake duba taro, yake hango wanda ya shigo da wanda ya tashi zai yi kari, yake shirya abin da zai faɗa na gaba. Kalangu kuma ba rakiya kawai yake yi ba, yana da bakinsa, yana iya faɗin kirarin mutum kafin mawaƙi ya ambaci sunansa. Haka kotson makaɗan fada irin su Musa Ɗanƙwairo, haka kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda a waƙoƙinsa na zaman jama'a yakan zama kamar mutum na biyu da ake zance da shi. Makaɗin fada yana iya yin zambo ga abokin hamayyar ubangidansa ba tare da ya kama suna ba, kuma zambon yana cizo ne saboda wanda ake nufi yana zaune a wurin, kowa kuma ya san da shi ake. Ka cire fadar, ka cire mutanen, sai a bar ka da jimla game da wani mai ƙaton ciki da ba a san ko wane ne ba.

Tatsuniya ma haka take, ko da yake ba zan daɗe a kanta ba. Tun daga tarin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 har zuwa littattafan Ibrahim Yaro Yahaya da yaran firamare suka tashi da su, waƙoƙin da ke cikin tatsuniyoyi suna zuwa ne a layi-layi babu rauji. Yarinyar da kishiyar uwa ta aika rafi tana waƙa a hanya, kuma ko labarin zai zama na ban tausayi ko na ban dariya ya danganta ga muryar da kaka ta ba waƙar a wannan daren. Tsamin bakin Gizo a takarda kuskuren ɗab'i yake kama da shi, a baki kuwa shi ne rabin halinsa. Ko hana yara yin tatsuniya da rana da ake yi yana nuna an san cewa duhu yana cikin kayan aikin.

Yanzu mun shigo zamanin da kusan kowace murya ake iya ajiye ta, kuma da farko na zaci wannan zai warware matsalar. Ya warware wani ɓangare. Muna iya jin Aƙilu Aliyu yana rera waƙoƙinsa da kansa, ba kiɗa ba amshin taro, mu ji inda yake cije kalma da inda yake sakin ta, kuma wanda ya ji shi ba zai sake karanta shi a littafi yadda ya saba ba. Amma ɗaukar murya ta zo da nata cikas. Da zarar an ɗauki rerawa guda ta yaɗu a rediyo da wayoyi, sai ta zama ita ce waƙar, duk wanda ya rera ta wata hanya a ce ya yi kuskure, alhali shi kansa wanda aka ɗauka ɗin da an sake ɗaukarsa washegari da ya saɓa wa kansa. Sannan ga yadda ake aiki a situdiyo. Ana fara shirya kiɗa a kwamfuta da bugun da ba ya gaba ba ya baya, sai mai rerawa ya shigo ya bi. Ba shi da ikon jan ɗango don ya ga wata tsohuwa ta sunkuyar da kai, domin babu tsohuwa a wurin, kuma ko da akwai, na'ura ba za ta jira shi ba. Ana ƙara wa muryar amsa-kuwwa ta yadda za ka ji kamar a cikin wani babban ɗaki ake, ɗakin da babu shi a ko'ina. Na ji tsofaffin waƙoƙin wa'azi da aka sabunta ta wannan hanya, wasu sun yi daɗin ji ƙwarai, kuma sun kai baitocin ga matasan da ba za su taɓa buɗe littafin ba, abin da ba zan raina ba. Amma a mafi yawansu fiyano ɗaya ne a ƙarƙashin zancen kabari da zancen aljanna, kuma shi ne dai za ka ji a ƙarƙashin waƙar biki.

Littattafan hikaya da ake karantawa a gidajen rediyo da YouTube sun fi shan wannan wahala. Mai karatu nagari yana iya tayar da littafin da bai kai ya kawo ba, ya raba wa uwar miji da amarya da ɗan aike muryoyinsu, ya san inda zai yi shiru. Sai kuma a zo a shimfiɗa wani kiɗa mai sanyi a ƙarƙashin karatun tun daga babi na farko har na ƙarshe, yana gaya wa mai saurare cewa ya yi baƙin ciki, ko da marubuciyar a wannan shafin ba'a take yi wa jarumarta. Wannan ma sharhi ne, amma sharhin wanda bai karanta littafin ba. Shi ya sa ban yarda a ce duk abin da murya ko kiɗa ya yi wa rubutu daidai ne ba. Murya mai zaƙi tana iya rufa wa baiti maras ma'ana asiri, tana kuma iya lulluɓe baiti mai kaifi har ya daina yanka. Idan mun yarda mai rerawa mai sharhi ne, to dole mu yarda ana iya yi masa gyara kamar yadda ake yi wa kowane mai sharhi, a ce masa a nan ka fahimci mawaƙin, a nan kuwa ka danne shi.

Da za a ba ni aji guda na koyar da rubutacciyar waƙa, da ba zan fara da jigo ba. Zan ba ɗalibai baiti biyar, in ce kowane rukuni ya je ya nemo yadda za a rera su, ko daga bakin wata gwaggo, ko daga wani almajiri, ko su ƙago nasu, da sharaɗin kada su karya nauyin gaɓa ko su sauya kalma. Sai a rera a cikin aji, a sake rerawa a ƙarƙashin bishiya a bakin hanya inda dole a ɗaga murya, sannan a zauna a yi gardama a kan wace rerawa ce ta fi kusa da abin da baitocin ke nufi, kowa ya kawo hujjarsa daga cikin kalmomin. A nan jigo da salo za su fito da kansu, domin ba yadda za a yi mutum ya kare dalilin da ya sa ya ja wani ɗango ba tare da ya faɗi abin da ya fahimta daga gare shi ba. Masu zuwa ɗaukar muryoyin tsofaffin masu rerawa kuma, tun da yanzu wayar hannu ta isa yin aikin, ina roƙonsu da su daina kai mutum ɗaki su rufe ƙofa don gudun hayaniya. Su ɗauke shi a inda ya saba yi, su rubuta sunan unguwar da lokacin da su waye ke zaune, kuma idan hali ya yi su koma wani mako su sake ɗaukar baitocin nan a wani wurin daban, a ajiye duka biyun tare.